Talla da sunan Allah: amsoshin da nake ta maimaitawa

Talla haramun ce?

A'a. Wanda ya kasa kaya a Kantin Kwari yana cewa "Hajiya zo ki gani" bai yi laifin komai ba. Don Allah ku bar turo wannan tambayar.

In rantse don mai saye ya yarda fa?

Kul. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya ce rantsuwa tana sayar da kaya, amma tana shafe albarka. Ka ce "wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba" alhali riba ta ninka? Kai ma ka san abin da ka aikata.

Ina sayar da zuma da man habbatus sauda. Zan iya sa hadisi a tallar?

Nan ne ake buƙatar natsuwa. Hadisin da ya ce habbatus sauda waraka ce yana cikin Bukhari, babu mai ja. Amma hadisin ya yi magana kan ƙwayar ne, bai yi shaida kan kwalbarka ba. Wa ya tatsi man? An sirka shi da man gyaɗa? A ganina, in kayan tsantsa ne, kuma ka ambaci hadisin da ladabi, abin da sauƙi, ko da yake wasu malamai ba sa son haka, kuma suna da hujja: takardar da aka buga aya ko hadisi a kanta sau da yawa a kwata take ƙarewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai lasifika a bayan mota ya ja aya, sannan ya ce kwalba ɗaya na kashe ciwon suga. Tsohuwa ta ji sunan Annabi (SAW), ta ajiye maganin asibiti. In ta kwanta, alhakin na wuyan wa? Sannan akwai hukuma: maganin gargajiya na buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, tallarsa ma sai da izini. Ka tambayi malamin da ya san kasuwa kafin ka buga.

Dole in faɗi aibin kaya?

Dole. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce mai algus ba ya cikinmu. Gyara launin atamfa a waya kafin a ɗora a Instagram algus ne.

Malamin da nake girmamawa yana tallan filaye. In saya?

Kwantar da hankalinka, ƙin saye ba raina malami ba ne. Je ka ga filin da idonka, ka nemi takardunsa.