Shan-inna ba aikin aljana ba ne

Duk wanda ya tashi a ƙaramin gari a ƙasar Hausa zai iya tuna wani yaro a unguwarsu da ƙafarsa ɗaya ta shanye, yana dogara sanda ko yana jan jiki, yayin da sa'o'insa suke langa a dandali. Abin da manya suka gaya mana shi ne aljana Inna ce ta shanye ƙafar, kuma daga nan sunan shan-inna ya samo asali. Saboda wannan fahimta ne iyaye da yawa suka riƙa nufar masu bori da turare maimakon asibiti.

Gaskiyar magana ita ce ƙwayar cutar foliyo ce take haddasa wannan lalura. Tana fita ta bayan gidan wanda ya kamu, sannan ta shiga bakin wani yaro ta gurɓataccen ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba, kuma ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama, kuma kusan ɗaya cikin 200 ne cutar take lalata masa jijiyoyin laka har gaɓa ta shanye. Wannan ne ya sa abin yake kama da zaɓen aljani, domin yaro ɗaya ake gani ya nakasa alhali da yawa suna ɗauke da ita.

Idan gaɓa ta riga ta shanye babu maganin da zai dawo da ita, amma rigakafi yana hana kamuwa. A Najeriya an ga ainihin nau'in cutar a karo na ƙarshe a Jihar Borno a 2016.