Johnnie Taylor: yadda ɗan waƙar coci ya zama gwanin soul da blues

An haifi Johnnie Taylor, mawaƙin soul da blues (salon waƙoƙin Baƙaƙen fatan Amurka), ranar 5 ga Mayu, 1934, a Crawfordsville ta jihar Arkansas a Amurka, ya kuma tashi a West Memphis, garin da kogin Mississippi kawai ya raba shi da birnin Memphis. A coci ya fara rera waƙa tun yana yaro. Wanda bai san tsarin waƙar bishara ta Baƙaƙen fatan Amurka ba, da wuya ya gane abin da mutumin nan ya shafe kusan shekara hamsin yana yi da muryarsa.

Ƙungiyoyin maza na wancan zamani kan raba murya gida huɗu: jagora, da mai siririyar murya, da mai matsakaiciya, da mai kaurin murya wanda ke riƙe ƙasa. Ƙungiyar Soul Stirrers, a zamanin jagoranta R. H. Harris, ta shahara da ƙara mutum na biyar domin a samu jagora biyu. Ɗaya ya fara a hankali da taushin murya, ɗayan ya karɓa ya ɗaga, 'yan amshi kuma ba su rasa ko murya guda ba. In an zo ƙarshe, sai 'yan amshin su tsaya kan kalma biyu ko uku suna ta maimaitawa, jagora yana zuba magana a kai kamar mai wa'azi har jama'a su miƙe tsaye. Nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Wanda ya yi gaggawar ɗaga murya tun baiti na farko ba shi da sauran inda zai hau, kuma maƙogwaronsa kan dushe kafin a tashi taro.

Wannan makaranta Taylor ya shiga a Chicago, cikin ƙungiyar Highway QCs, wadda shahararren mawaƙi Sam Cooke ya taɓa yi wa jagora. Da Cooke ya bar Soul Stirrers a 1957 ya koma waƙar duniya, Taylor aka ɗauko ya maye gurbinsa, saboda muryoyinsu sun yi kama ƙwarai. Wannan kama ta buɗe masa ƙofa, amma ita ce kuma ta daɗe tana danne shi. Bayan ya bar ƙungiyar ya ɗan taɓa aikin wa'azi, sannan Cooke ya ɗauke shi a kamfaninsa na faifai mai suna SAR. Fayafayan lokacin suna da daɗi, sai dai mai sauraro Cooke yake ji a cikinsu. An harbe Cooke a Disamba 1964, kamfanin kuma bai yi nisan kwana bayansa ba.

A 1966 ya koma kamfanin Stax a Memphis, inda Isaac Hayes da David Porter suka rubuta masa waƙoƙin blues masu tafiyar hawainiya. A nan ya saki kwaikwayo. Muryar ta ƙara kaushi, ya riƙa jan kalma yana jinkirta ta bayan bugun ganga, dabarar da ya taho da ita daga coci. Shekarar 1968 ta zo wa Stax da wahala: babban mawaƙinsu Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disamba 1967, kamfanin Atlantic mai rarraba musu kaya kuma ya tafi da haƙƙin tsofaffin fayafayansu. Sai ga furodusa Don Davis daga Detroit ya haɗa wa Taylor waƙar "Who's Making Love", wadda aka sayar da fiye da kwafi miliyan guda, ta taimaka wajen tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. A saurare ta da kyau: batun cin amanar aure take yi, amma ginin nata na mai wa'azi ne da ke jefa wa jama'a tambaya, masu busa ƙaho suna amsa masa a madadin 'yan amshi. Irin wannan jan kunne ne ya sa ake masa laƙabi da masanin falsafar soul.

Stax ya durƙushe a 1975. A kamfanin Columbia, waƙarsa "Disco Lady" ta 1976 ta yi mako huɗu a saman jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, ta kuma zama waƙa ta farko da aka ba shaidar platinum, wato cinikin kwafi miliyan biyu a wancan lokaci. Nasarar ta zo da tsada. Kamfanin ya nace sai an sake irinta, aka yi ta lulluɓe muryarsa da kiɗan rawa, alhali ƙarfinsa yana wurin da aka rage kayan kiɗa aka bar shi ya yi wa mutane magana. Da kasuwar disko ta mutu, cinikinsa ya faɗi tare da ita.

A 1984, wajen jana'izar mawaƙin blues Z. Z. Hill, masu kamfanin Malaco na Jackson a jihar Mississippi suka ji shi yana rera waƙa, suka ɗauke shi. Malaco ƙaramin kamfani ne da ya san masu sayen kayansa: manyan mutane Baƙaƙen fata na kudancin Amurka, masu sauraron ƙananan gidajen rediyo, waɗanda manyan kamfanoni suka yi watsi da su. Shekara goma sha shida ya yi da su, kuma a ganinmu nan ne aka fi jin Taylor na ainihi. Faifansa Good Love na 1996 ya hau saman jerin blues na Billboard. Yana tare da Malaco har ya rasu sakamakon bugun zuciya a Dallas ranar 31 ga Mayu, 2000, yana da shekara 66.