Waiwaye: Yadda aka yi ta ƙirga mutanen arewacin Kamaru

Tun kafin a san ƙidayar jama'a irin ta zamani a Kamaru ake ƙirga mutanen arewa, sai dai ba domin a yi musu wani aiki ba. Jamusawa da suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, da Faransawan da suka gaje su bayan yaƙin duniya na farko, abin da ya dame su shi ne magidanta nawa za su biya haraji, wa za a kwasa aikin tilas, kuma shanu nawa ke hannun wa. Bature ya fito rangadi, lamiɗo ya aika wa lawan, lawan ya aika wa jauro, a tara mutane a ƙofar fada. Wanda ya faɗi gaskiyar yawan iyalinsa da dabbobinsa ya ɗora wa kansa kaya. Wannan tsoro bai tafi tare da Turawa ba. Har gobe idan baƙo ya shigo unguwa da takarda da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gida, akwai dattijon da zai fara tambayarsa ko maganar kuɗi ce.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 an ɗan yi binciken yawan jama'a yanki-yanki, ana ɗaukar wasu garuruwa a kwatanta da sauran. Ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya ba ta zo ba sai a watan Afrilu na 1976, zamanin Ahmadu Ahidjo, aka sami mutum 7,663,246. A lokacin duk arewa lardi guda ne, hedkwatarsa Garwa. A 1983 ne aka raba shi uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Ƙidaya ta biyu ta zo a 1987, mutum 10,493,655. Zuwa nan ana tafiya kusa da shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke son a yi ƙidaya duk shekara goma.

Daga nan tattalin arziki ya durƙushe. Farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi, aka zabtare albashin ma'aikata a 1993, aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Ƙidayar da ya kamata a yi wajen 1997 ta koma baya. An kafa BUCREP, ofishin ƙidayar jama'a, a 1999, sannan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, a 2001, amma malaman ƙidaya ba su shiga gida-gida ba sai a watan Nuwamba na 2005, shekara 18 bayan ta baya. Sakamakon kuma bai fito ba sai a watan Afrilu na 2010. Yaron da aka rubuta yana goye, ranar da aka sanar da alƙaluman ya kusa isa makaranta.

Abin da sakamakon ya nuna ya cancanci duk ɗan arewa ya riƙe shi. Cikin mutum 17,463,836 na ƙasar, jihar Arewa Mai Nisa ita ce ta fi kowace yawa da 3,111,792, ta ɗara har jihar da Yawunde take ciki. Arewa na da 1,687,959, Adamawa 884,289. Idan aka haɗa ukun, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan Kamaru ke nan. To a ɗora wannan a kan kujeru 180 na majalisar dokoki: jihar Arewa tana da 12, jihar Yamma da yawansu ya kusa zama ɗaya tana da 25, jihar Kudu da ba ta kai mutum 700,000 ba a lokacin tana da 11. Ba kujeru kaɗai ba. Wani kaso na kuɗin da asusun FEICOM ke rarraba wa ƙananan hukumomi da yawan jama'a ake auna shi. Magajin garin da mutanensa suka ninka, amma takarda ke cewa suna nan yadda suke a 2005, shi ya san zafin abin idan ya zo gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse.

Dole a yaba wa INS a wuri guda. Binciken halin rayuwar iyalai da ake kira ECAM, wanda aka fara a 1996 aka maimaita a 2001 da 2007 da 2014, shi ya fito da abin da mutanen Mokolo da Gidar da Kuseri suka daɗe suna faɗa da baki ba a ji. A 2014 an ɗauki sefa 931 a rana a matsayin ma'aunin talauci. A ƙasa baki ɗaya kashi 37.5 cikin ɗari ne ba su kai ba, ƙasa kaɗan da kashi 40.2 na 2001, wanda mai kallo daga nesa zai ce an samu sauƙi. Da aka rarraba jiha-jiha sai ga Arewa Mai Nisa da kashi 74.3, Arewa da kashi 67.9, alhali Duwala ba ta kai kashi 5 ba. Ashe sauƙin a manyan biranen kudu ya tsaya, arewa baya ta ci. Da alƙalumman ƙasa kaɗai aka buga, da wannan ya ɓuya.

Amma irin wannan bincike ba kowa ake tambaya ba, gidaje ake zaɓa, kuma daga taswirar ƙidayar da ta gabata ake zaɓensu. Nan ne matsalar arewa ta fi ta kowa, domin mutanenta sun yi ta motsi. Rikicin Boko Haram ya tashi ƙauyuka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari. An buɗe sansanin Minawawo a 2013 domin 'yan gudun hijirar Najeriya, ya zama gari guda. 'Yan Afirka ta Tsakiya sun cika yankin Maiganga. Manoma na ci gaba da saukowa daga duwatsu zuwa kwarin Binuwai neman gona. A watan Satumba na 2015 shugaba Paul Biya ya sa hannu kan dokar ƙidaya ta huɗu, shekara goma ta shige ana shiri da zanen taswira ba a ƙirga kowa ba. Duk tsawon wannan lokaci, da hasashe ake aiki, a ɗauki adadin 2005 a yi ta ƙari bisa lissafi. Hasashe yana iya kintatar haihuwa da mutuwa, bai san ƙauyen da aka ƙone ba.

Ko da an fito ƙidayar, aikin ba ya ƙarewa a kan takarda. Malamin ƙidaya saurayi ne, a zaure zai tsaya, maigida ne zai ba shi amsar matan da ba zai gani ba. Uwa tana kunyar ambaton ɗan fari, sai ta lissafa 'ya'yanta ta tsallake shi. Jaririn da ya rasu kafin suna ba a son tuna shi, ga shi kuwa da wannan amsar ake auna mutuwar yara. Almajiri, a wurin malam za a rubuta shi ko a gidan ubansa? Makiyayi ya tashi daga ruga kafin a iso. Tambayoyin da Faransanci aka tsara su, malamin ne zai juya su zuwa Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa a tsaye, kowa da irin tasa fassarar. Ina ganin ɗaukar mata 'yan unguwa aikin, da zama da limamai da jaurawa tun kafin ranar, ya fi kowace na'ura gyara waɗannan giɓin.

Sannan mutanen da aka tambaya ba a komawa a gaya musu abin da aka samu. Rahotannin suna fitowa da Faransanci da Ingilishi a intanet, masu karanta su suna Yawunde. Ɗan kasuwar Garwa da ya ba da lokacinsa ya amsa tambayoyi yana da haƙƙin ya ji a rediyo, da harshensa, mutum nawa aka samu a ƙaramar hukumarsa, yara nawa ne ba sa makaranta, domin ya san abin da zai tambayi magajin gari da ɗan majalisa.

Akwai kuma ƙirgar yau da kullum wadda ba ta jiran dokar shugaban ƙasa, wato rajistar haihuwa. An kafa hukumar BUNEC a 2013 domin ta gyara wannan fanni, kuma jihohin arewa na cikin waɗanda aka fi bari a baya. Yara da dama sai sun kai ajin ƙarshe na firamare, za a rubuta sunayen masu jarrabawar kammala firamare ta CEP, sannan ake gano ba su da takardar haihuwa, iyaye su shiga zaryar kotu neman hukuncin da zai maye gurbinta.