Waiwaye: Yadda gas mai kama wuta ya dawo cikin firiji

Firijin farko-farko da suka shiga gidaje a shekarun 1920 da sinadarai masu haɗari suke aiki, irin su amoniya da salfa dayokside da metil kolorayid. In bututu ya yi yoyo da dare, gubar kan iya halaka mutanen gida. Wannan ne ya sa kamfanin General Motors ya sa Thomas Midgley da abokan aikinsa nemo madadi a 1928, suka fito da gas ɗin da aka sayar da sunan Freon, wato R12. Ba ya kama wuta, ba ya da guba in an shaƙi kaɗan. Shekara hamsin da wani abu masu gyara suka taso a kansa, kuma a zamaninsa ne aka saba da kunna wutar walda a kan bututu ba tare da tunanin abin da ke ciki ba.

A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa wannan gas yana cinye lemar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. A 1985 masu bincike 'yan Ingila suka ga rami a cikin lemar a saman Antaktika, a 1987 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal ta rage amfani da irin wannan gas. Aka koma R134a. Shi bai taɓa ozon ba, amma wajen ɗumamar yanayi ƙarfinsa ya ninka na iskar kabon sau kusan 1,430.

Daga nan labarin ya juya. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar Greenpeace ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani a tsohuwar Jamus ta Gabas, wanda daga baya aka sani da Foron, suka fitar da firiji mai aiki da gas na dangin wanda ake girki da shi. Manyan kamfanonin Jamus sun yi ta suka da farko, ba a jima ba suka bi sahu. Yau R600a, gas na wannan dangin mai kama wuta, shi ne ke cikin mafi yawan sababbin firijin gida. Ɗan'uwansa R290 yana cikin firizojin kasuwanci da wasu na'urorin sanyaya ɗaki, R32 mai ɗan kama wuta kuma ya cika sababbin esi. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016, wanda ya tilasta rage gas irin su R134a, ya ƙara hanzarta sauyin.

A ganina firijin da ke tsaye yana aikinsa ba shi ne abin tsoro ba. Ƙa'idar duniya ta kayyade giram 150 ga firijin gida, yawancinsu ma ba su kai rabin haka ba, kuma an ƙera makunnansu yadda ba za su yi tartsatsi kusa da gas ba. Matsalar tana farawa ne lokacin da hannun da ya koyi aiki a zamanin R12 ya buɗe shi. R600a yana kamawa da zarar ya kai kusan kashi 1.8 cikin ɗari na iskar wuri. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwantawa, inda soket da wayar tsawo suke. Kuma ba a zuba masa warin da ake sa wa gas ɗin girki, hanci ba zai yi maka gargaɗi ba.

Shi ya sa tsarin aikin ya canza. Ana fara duba takardar da ke jikin kwamfuresa a ga wane gas ne. A cire wuta, a buɗe tagogi, a kawar da duk abin da ke iya yin tartsatsi. A fitar da gas ɗin zuwa waje da doguwar tiyo ko a zuƙe shi da injin da aka yi domin irinsa, a wanke bututu da naitirojin busasshe. Iskar oksijin ko ta injin busa taya ba su da wuri a nan ko kaɗan. Da mayanka ake raba bututu, ba da harshen wuta ba, kuma da yawa yanzu sun bar walda wajen rufewa, suna amfani da zoben matsewa irin na Lokring.

Cikawa ma sai da sikeli. Duba agogon geji da taɓa bututu a ce ya yi sanyi ba ya wadatarwa, domin a firijin da ke ɗaukar giram 50, ƙarin giram kaɗan yana lalata aikinsa. Masu ɗura gas ɗin girki don arha suna cusa danshi da datti cikin kwamfuresa. Masu sa R600a a firijin da aka yi wa R134a kuma sun fi ɓarna, saboda rile, wato abin da ke tayar da kwamfuresa, da makunnin wancan firijin ba a rufe suke ba, kuma takardar jikinsa za ta ci gaba da gaya wa mai gyara na gaba cewa gas ɗin ciki ba ya kama wuta.