Ma'anar "taram": jirgin da ke bin titi, da tarihinsa a garin Blackpool

Taram jirgi ne na ɗaukar fasinja wanda ke tafiya kan dogo, amma dogon nasa a shimfiɗe yake cikin titin gari, tare da motoci da masu tafiya a ƙasa. Nan ne ya rabu da jirgin ƙasa da muka sani. Ana binne ƙarfen dogon har ya yi daidai da kwalta, a bar ɗan kwari a jikinsa inda bakin ƙafar taragon zai shiga, don mota da keke su tsallaka ba tare da cikas ba. Tarago ɗaya ne ko kaɗan a haɗe, tashoshinsa kusa-kusa kamar na bas. Da dawaki aka fara jansa, sai injin tururi (irinsa ya yi aiki a Legas daga 1902 zuwa 1933), sannan lantarki.

Wanda ke son ya fahimci taram na lantarki, to ya dubi yadda wuta ke isa gare shi, domin yawancin wahalar a nan take. Garin Blackpool da ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila ya ɗanɗana wannan tun da wuri. An buɗe layinsa ranar 29 ga Satumba, 1885, bisa tsarin injiniya Michael Holroyd Smith. Bai rataya waya a sama ba. Ya haƙa kwata ce a tsakanin ƙarafan dogon biyu, ya sa ƙarfen wutar a ciki, ya bar siririyar tsaga a sama. Wani hannu daga ƙarƙashin taragon shi ke zura kai cikin tsagar ya jawo wuta. A ido tsarin ya yi kyau, titi fes ba igiyoyi. Sai dai layin a gaɓar teku yake. Iska ta kwaso yashi ta cika kwatar, hannun ya maƙale. Igiyar ruwa ta yi tsalle ta zuba ciki, ruwan gishiri kuwa yana ɗaukar wuta sosai, sai lantarkin ya zurare ƙasa tarago ya tsaya cik. Hukumar garin ta karɓi layin daga hannun kamfanin da ya fara gudanar da shi a 1892, a 1899 kuma aka watsar da kwatar aka koma wayar sama.

Tsarin wayar sama shi ne ya zama ruwan dare a duniya. Tashar wuta tana mai da lantarki ya zama mai gudu hanya ɗaya, a Blackpool yau ƙarfinsa bolt 600 ne, ta tura shi cikin wayar jan ƙarfe da ke rataye bisa layin. A rufin tarago akwai sanda mai sifirin da ke danne wayar daga ƙasa, ko kuma wani ƙarfe mai naɗewa mai faffaɗan kai. Wutar ta bi ta injinan da ke juya ƙafafu, ta sauka kan dogo, dogon ya mayar da ita tasha. Shi ya sa waya ɗaya ta wadatar. Amma idan mahaɗar ƙarafan dogon ta yi tsatsa ko ta saki, wutar mai komawa sai ta nemi hanya ta cikin ƙasa, ta bi bututun ruwa da na gas tana cinye su a hankali. Don haka ake ɗaure kowace mahaɗa da waya mai kauri ko a yi mata walda. Sandar sama ma takan sulle daga waya a kwana ko mararraba idan direba ya cika gudu, sai kwandasta ya sauko ya mayar da ita. Kuma da yake ƙarfe ne kan ƙarfe, ruwan sama kan sa santsi, shi ya sa tarago ke ɗauke da akwatin busasshen yashi da ake zubawa gaban ƙafa lokacin birki. Yashin da ya kashe kwata shi ne kuma ke tsayar da jirgi.

A 1920 hukumar ta sayi layin da ya miƙa zuwa garin Fleetwood da ke arewa da Blackpool, wanda aka buɗe a 1898. Manaja Walter Luff, da ya kama aiki a 1933, ya kawo sababbin taragu, ciki har da masu bene da ake kira Balloon.

Bayan yaƙin duniya na biyu biranen Birtaniya suka yi ta tuge dogayensu suna komawa bas. Blackpool ma ta rufe sauran layukanta na cikin gari tsakanin 1961 da 1963. Na bakin teku ne ya tsira, saboda mafi yawansa yana da hanyarsa daban da ta motoci, ga kuma 'yan yawon shaƙatawa da ke cika shi. Bayan Glasgow ta rufe nata a 1962, babu wani birni a Birtaniya da ke da taram na lantarki a titi sai Blackpool, har Manchester ta buɗe nata a 1992. A 2012 aka sabunta layin mai kimanin kilomita 18, daga Starr Gate a kudancin Blackpool zuwa Fleetwood, da taragu 16 samfurin Flexity 2 masu ƙasan da ya yi daidai da dandamalin tasha, yadda mai keken guragu zai shiga ba sai an ɗaga shi ba.