Tsadar mai, tukunyar gas da maganar kumbo: amsoshi ga masu mota a Zariya

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tambayoyin masu mota ba su canja ba, daga PZ har Samaru. Ga amsoshin a wuri ɗaya, kowa ya karanta ya huta.

Sa mota a firi a gangara yana rage shan mai?

A'a. Motar zamani mai injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta kan yanke man gaba ɗaya. A firi kuwa dole injin ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Ka yi asara, ga birki da ka bar wa dukan aikin.

Bakanike ya ce in cire tamostat saboda zafin Arewa.

Kada ka cire. Aikinta ta tsare ruwa har injin ya kai zafinsa, wajen digiri 90. In babu ita injin yana yini a sanyaye, kwamfuta tana ta ƙara masa mai. In mota na zafi, a duba lagireto, fanka da famfon ruwa.

Iska nawa zan sa a taya?

Malam, buɗe ƙofar direba, an manna takarda a jikin ginshiƙin. Ƙananan motoci galibi 30 zuwa 33 ne. A gwada da safe taya na sanyi, kuma da geji. Mai faci da ke buga taya da ƙarfe yana sauraron ƙara, duba kawai yake maka.

To, in mayar da motata gas ko in bari?

Nan ne ba amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka "yi kawai" bai tambaye ka komai ba. Fara da tafiyarka. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. Zuwa da dawowa 160, motar da ke yin kilomita 10 a lita za ta sha lita 16. Mai yin wannan kullum, ko direban haya, zai iya fanshe kuɗin aikin da wuri. Wanda iyakarsa daga Tudun Wada zuwa Kongo sai masallacin Juma'a, zai daɗe bai ga riba ba. Lissafin: kuɗin juyawa, a raba da abin da za ka rage a wata. In watannin sun fi waɗanda kake niyyar riƙe motar, ka haƙura.

Sannan ina za ka sha? Ka fara tabbatar da gidan gas a kan hanyar da kake bi, ka je ka ga layin da idonka. Tukunya mai lita 65 tana ɗaukar mita kubik 13 zuwa 15 ne kawai, kuma kowanne kusan daidai yake da litar fetur ɗaya ko ya ɗan ɗara. Ke nan da ƙyar ta kai ka Kaduna ta dawo da kai. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano zai iya sauƙaƙa lamarin nan gaba, amma ba a gina lissafi a kan gobe.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Tukunyar ƙarfe ta kai nauyin babban mutum, tana cinye but, tana danne bayan mota. Ƙarfin injin yakan ragu da kusan kashi 10 cikin 100, za ka ji shi in ka zo wuce tirela. Gas busasshe ne, yana iya cin mazaunin bawul a wasu injuna, kuma ba ya yafe tsohon fulogi. Mota kan tashi da fetur, sai ruwan injin ya ɗumama na'urar rage matsi kafin ta koma gas; wanda ya cire tamostat ga inda za ta kama shi. Kada kuma a bar tankin fetur ya bushe, famfonsa zai ƙone.

Abin da babu sassauci a kai shi ne tukunya. Gas ɗin mota, wato CNG, ana matsa shi har ba 200 a ma'aunin matsi. Tukunyar girki matsinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Wadda aka yi wa walda a gareji bam ce. Irinta ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a Oktoban 2024. Ta gaske ba ta da ɗinki, an buga mata shekarar ƙira da ranar ƙarewar aiki a wuya. In an sa ta daidai, a kwantar da hankali, Hajiya: gas ɗin ya fi iska rashin nauyi, in ya zuba sama yake yi.

Wai gaskiya ne shiga kumbo ya fi hawa hanyar Kano aminci?

Hirar majalisa ce. Kumbunan Amurka masu zuwa su dawo sun tashi sau 135, biyu sun hallaka da mutum 14. Da a ce cikin motoci 135 da ke tashi daga Kwangila biyu ba sa isa, wa zai shiga? Na farkon, Challenger, ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi a ranar 28 ga Janairun 1986, saboda zoben roba da sanyi ya sandarar ya kasa toshe wuta. An ga alamar ƙuna a irin zoben a tafiye-tafiyen baya, aka ce ai ana dawowa lafiya. Na biyun, Columbia, a 2003, soson da aka lulluɓe tankin mai da shi ne ya ɓalle ya fasa fiffike, shi ma an saba ganin yana ɓallewa. Kai ma watanka nawa kana jin warin fetur a mota kana cewa ai tana tafiya? Je ka canja tiyon.

Man 'yan bumburutu fa?

Sai dole, kuma iya wanda zai kai ka gidan mai.

Filtar iska sai yaushe?

Da hunturu a ciro ta duk wata. Ɗaga ta a rana. In haske bai ratsa ba, sayi sabuwa. Ta takarda ba a wanke ta da fetur.