Zaren gilashi mai jin zafi da motsi: tambayoyi da amsoshi

Ba faiba ce ke kawo intanet ba? Me ya haɗa ta da awon zafi da motsi?

Ita ce dai. Zare ne na gilashi mai kaurin silin gashi, haske na ratsa cikinsa. A 1966 masanin kimiyya Charles Kao ya nuna cewa tsaftataccen gilashi zai kai haske nesa, kamfanin Corning kuma ya ƙera irinsa a 1970. Sai dai zafi da lanƙwasa da girgiza duk suna taɓa hasken. Ga injiniyan sadarwa wannan ciwon kai ne, ga mai awo kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

To ta yaya ake gane abin da zaren ya ji?

A 1978 Kenneth Hill a Kanada ya gano za a iya kafa 'yan layuka a cikin zaren, masu mayar da launin haske guda ɗaya baya. Da zaren ya miƙe ko ya ɗau zafi, tazarar layukan ta canza, launin da ke dawowa ma ya gusa. Gushewar nan ake aunawa.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, don ba a yi wa zaren komai. A harba ɗigon hasken leza, a jira ɗan burbushin da gilashin ke mayarwa. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi, saboda haka lokacin dawowarsa ke faɗin wurin da zafi ko girgiza ta taɓa zaren. Zare ɗaya mai tsawon kilomita 40 ya zama dubban kunnuwa a jere ke nan. Idan mutum ya sa diga kusa da bututun mai da aka shimfiɗa zaren a gefensa, na'ura za ta nuna daidai inda yake.

Ina ake amfani da shi?

Gadoji, madatsun ruwa, rijiyoyin mai, da na'urar da ke gaya wa jirgin sama juyawarsa. Masu binciken girgizar ƙasa har wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke saurare da su.

Me ya fi na'urorin lantarki da shi?

Ba ya tartsatsi, don haka ana sa shi inda gas yake. Maganaɗisu ba ya ruɗa shi, shi ya sa ake auna zafin jikin majiyyaci da shi a cikin injin MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu.

Ba shi da aibu ke nan?

Yana da shi. Zaren araha ne, amma akwatin da ke karanta hasken tsada gare shi. Sannan zafi da miƙewa iri ɗaya suke gusar da launi. Dole a ajiye wani zaren a gefe, sake-sake, ya ji zafi kaɗai, a cire awonsa daga na wanda aka manna wa abin da ake aunawa.